Minti bakwai a gefen titi: yaushe kotun Amurka ke watsi da abin da ɗan sanda ya samu a cikin mota?

Da ƙarfe 12:06 na dare, wayewar garin 27 ga Maris, 2012, wani ɗan sanda mai suna Morgan Struble yana sintiri a babbar hanya mai lamba 275 a jihar Nebraska ta Amurka. Sai ya hango wata mota ƙirar Mercury Mountaineer ta zame gefen kwalta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, direban ya fizgo ta ta dawo kan hanya. Dokar jihar ta hana tuƙi a wannan gefen, saboda haka ya tsayar da ita. Direban, Dennys Rodriguez, ya ce rami ya kauce wa. Struble ya karɓi lasin da takardun mota da na inshora, ya duba a kwamfuta, ya dawo ya karɓi lasin fasinjan da ke gaba, ya tambaye su daga ina zuwa ina. Suka ce Omaha suka je ganin wata mota da aka sa a kasuwa, yanzu gida za su, Norfolk. Wajen ƙarfe 12:27 ko 12:28 ya gama rubuta takardar gargaɗi, ya miƙa wa kowa takardunsa.

A nan ya kamata labarin ya ƙare. Amma Struble yana tafe da karensa mai sansano ƙwaya, Floyd, sai ya nemi izinin zagayawa da shi jikin motar. Rodriguez ya ce bai yarda ba. Ɗan sandan ya umarce shi ya kashe mota, ya fito, ya tsaya a gaban motar sintiri har wani jami'in ya iso. Da ƙarfe 12:33 na biyun ya zo. A zagaye na biyu karen ya nuna alamar ya ji wani abu, aka buɗe motar, aka sami babban ƙunshin ƙwayar metamfetamin. Daga miƙa takardar gargaɗi zuwa alamar karen, minti bakwai ne ko takwas. A kan waɗannan 'yan mintoci aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka.

Abin da ke ɗaure wa mutane da yawa kai shi ne, babu wanda ya yi musun cewa ƙwayar tana cikin motar. Lauyan Rodriguez bai ce sharri aka yi masa ba. Buƙatarsa ita ce alƙali ya hana mai gabatar da ƙara kawo ƙwayar a matsayin hujja, domin hanyar da aka bi aka same ta ta saɓa wa tsarin mulki. Idan alƙali ya amince, ƙwayar ta zama kamar ba a taɓa ganinta ba, kuma a shari'ar mallakar ƙwaya ko bindiga, da zarar an cire abin da aka kama, yawanci ƙarar ta mutu ke nan.

Tushen maganar shi ne Gyara na Huɗu ga tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791. Ya ba mutane kariya a jikinsu, da gidajensu, da takardunsu, da kayansu daga bincike da kamu marasa kan gado, ya kuma ce ba za a ba da warantin bincike ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Sai dai bai faɗi abin da za a yi idan ɗan sanda ya take dokar ba. Kotu ce ta cike wannan giɓi. A 1914, a shari'ar Weeks, Kotun Ƙoli ta ce kotunan tarayya ba za su karɓi hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya ba. A 1961, a shari'ar Dollree Mapp, wata mata daga Cleveland da 'yan sanda suka fasa ƙofar gidanta ba tare da sun taɓa iya nuna wa kotu waranti ba, aka ɗora wa jihohi ma wannan ƙa'ida. Shekara biyu bayan haka aka ƙarfafa abin da lauyoyi ke kira 'ya'yan bishiya mai guba, wato duk abin da haramtaccen binciken ya haifar, har da amsa laifin da mutum ya yi a take, shi ma ya gurɓata. Tun kafin Mapp ake sukar wannan tunani. A 1926 alƙali Benjamin Cardozo na New York ya yi ƙorafin cewa mai laifi zai tafi abinsa don kawai ɗan sanda ya yi kuskure, kuma har yau da maganarsa masu adawa ke kafa hujja.

Kafin a gane yadda ake irin wannan shari'a, sai an san cewa dokar Amurka ta kasa zargi hawa uku. Na ƙasa shi ne zato kawai, irin na "jikina ya ba ni", wanda ba ya halatta komai. Na tsakiya shi ne zargi mai tushe, wanda ya fito daga shari'ar Terry ta 1968: ɗan sanda zai iya nuna takamaiman abubuwan da ya gani da suka sa shi tunanin ana aikata laifi. Wannan ya isa a tsayar da mutum na ɗan lokaci. Na sama shi ne ƙwaƙƙwaran dalili, wanda ake buƙata kafin a kama mutum ko a binciki motarsa. Kotu ta ƙi sa masa lamba, ba ta ce kashi kaza cikin ɗari ba. A shari'ar Gates ta 1983 ta ce a tara duk abin da ke gaban jami'in a dube shi a dunƙule, a ga ko akwai yiwuwa mai ƙwari cewa za a sami kayan laifi a wurin. Bai kai tabbaci ba, kuma ya yi ƙasa ƙwarai da hujjar da ake buƙata a ɗaure mutum.

Lauya mai kare wanda ake tuhuma yakan bi labarin daki-daki, kamar mai warware saƙa, yana neman zaren da ya tsinke. Zare na farko shi ne tsayarwar kanta. Tun 1979 kotu ta hana ɗan sanda tsayar da mota haka kawai don ya duba lasin. Amma a 1996 aka yi wata shari'a da ta buɗe ƙofa wangam. A birnin Washington, wasu 'yan sanda masu farin kaya da ke aikin yaƙi da ƙwaya sun ga wata Nissan Pathfinder ta daɗe a tsaye a mahaɗa, sama da daƙiƙa 20, sannan ta karya kwana ba sigina ta taka da gudu. Suka bi ta, suka ga ledojin hodar iblis a hannun fasinja, Michael Whren. Lauyoyi suka ce laifin tuƙin fakewa ce da guzuma, ƙwaya suke nema tun farko. Alƙalan Kotun Ƙoli tara duk suka ce ko da haka ne ba komai: muddin an karya dokar hanya, abin da ke zuciyar ɗan sanda ba ya shiga lissafin Gyara na Huɗu. A 2014 aka ƙara da cewa ko jami'in ya fahimci dokar a karkace, idan kuskuren nasa mai ma'ana ne, tsayarwar ta halatta. Wannan a kan wata mota ce a North Carolina mai fitilar birki ɗaya a mace, alhali kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce ɗaya kawai doka ta nema.

A ganina shari'ar Whren ita ce mafi nauyi a duk wannan babi, domin duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san ba a yin tafiyar minti goma ba tare da an taka layi ko an ɗan wuce ƙa'idar gudu ba. Ma'anarta a aikace ita ce, wanda ɗan sanda ya so tsayarwa zai tsayar, in dai ya yi haƙurin binsa a baya. Shi ya sa da wuya lauya ya yi nasara a kan tsayarwar kanta. Yaƙin ya koma kan abin da ya biyo baya.

Gida sai da waranti ake shigarsa, mota kuwa ba haka ba, kuma asalin wannan bambanci giya ce. A zamanin da Amurka ta haramta barasa, a watan Disamba na 1921, jami'an tarayya suka tare George Carroll da abokinsa a hanyar Detroit zuwa Grand Rapids, suka farke kushin ɗin kujera, suka zaro kwalabe 68. A 1925 Kotun Ƙoli ta ce binciken ya halatta ba waranti, domin kafin a je wurin alƙali a dawo, mota ta bar gari. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: ƙwaƙƙwaran dalili. Daga baya aka ƙara hujja ta biyu, cewa mai tafiya a titin jama'a cikin abin da hukuma ke yi wa rajista bai kamata ya sa ran sirri irin na ɗakin kwanansa ba. Shari'ar Ross ta 1982 ta ce idan dalilin ya tabbata, ana iya duba ko'ina da abin da ake nema zai iya ɓuya, har but da jakunkuna. Ta Houghton a 1999 ta haɗa har da jakar hannun fasinja. Iyakar ita ce girman abin da ake nema: wanda ke neman sataccen talabijin ba shi da hurumin buɗe ƙaramin walat.

To daga ina wannan dalili ke fitowa a gefen titi da tsakar dare? Wani lokaci ido ne, jami'i ya hango bindiga ko leda a kan kujera. Wani lokaci kare ne. A 2005, a shari'ar Roy Caballes, wanda aka tsayar yana gudun mil 71 a inda aka ƙayyade 65, kotu ta ce sansanar kare a wajen mota ba bincike ba ce a idon doka, domin ba ta tona komai sai haramtaccen abu. A 2013 kuma ta ce idan an nuna kare ya samu horo mai inganci, alamarsa kan isa ƙwaƙƙwaran dalili, ko da yake lauya na da damar tuhumar horon da yadda mai riƙe da shi ya bi da shi.

Sai kuma hanci, wanda ya fi kowanne jawo gardama. Shekaru da dama, jimlar "na ji warin wiwi" ta ishi ɗan sanda ya birkice mota gaba ɗaya. Wari ba ya fitowa a bidiyo, ba a iya ɗaure shi a leda a kai kotu, maganar jami'i ce kawai da ta direba. Da jihohi suka fara halatta tabar wiwi sai tambaya ta taso: ta yaya warin halattaccen abu zai zama alamar laifi? Babbar kotun Massachusetts ta fara taka birki a 2011. New York da Virginia sun kafa dokoki a 2021 da suka hana dogaro da wari kaɗai, Maryland ta bi sahu a 2023. A Illinois kuwa, a cikin shekara guda, 2024, babbar kotun jihar ta ce warin wiwin da aka ƙona shi kaɗai bai isa ba, amma warin ɗanye ya isa, saboda dokar jihar ta ce a ɗauke shi a mota cikin mazubin da ba ya fitar da wari. A jihohin da har yanzu haramun ne, tsohuwar ƙa'idar tana nan. Wato direba ɗaya a mota ɗaya, haƙƙinsa na iya sauyawa da zarar ya tsallake iyakar jiha.

Akwai kuma ƙofofin da ba sa buƙatar ƙwaƙƙwaran dalili sam. Mafi faɗinsu ita ce yardar direba. "Ba ka damu in ɗan duba motar ba ko?" Mutum ya ce to, shi ke nan, ya sarayar da kariyarsa da bakinsa. Tun 1973 kotu ta ce ba dole ba ne a sanar da shi cewa yana da ikon cewa a'a. Ina ganin a nan doka ta kau da kai daga yadda ɗan Adam yake. Wanda fitila ja da shuɗiya ke walƙiya a bayansa, mai bindiga na tsaye a tagarsa, musamman baƙo da bai daɗe a ƙasar ba, irin 'yan uwanmu da ke tuƙa tasi ko kai saƙo a New York da Chicago, ba ya jin wannan a matsayin roƙo. Umarni yake ji. Amma a doka ƙin yarda haƙƙi ne, kuma shi kaɗai ba ya zama dalilin bincike. Da Rodriguez ya ce to a wannan daren, da babu wanda ya san sunansa.

Ƙofa ta biyu ita ce bincike bayan kamu. Daga 1981 'yan sanda sun ɗauka cewa duk wanda aka kama a mota, an samu lasisin caje cikinta. A 1999 a Tucson ta jihar Arizona aka kama Rodney Gant saboda tuƙi da lasin da aka dakatar. Aka sa masa ankwa, aka kulle shi a bayan motar sintiri, sannan aka caje motarsa aka samu hodar iblis a aljihun wata riga a kujerar baya. Da aka tambayi jami'in a kotu me ya sa ya yi binciken, ya ce saboda doka ta ce za su iya. A 2009, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, Kotun Ƙoli ta ce ba haka ba ne. Ana yin irin wannan bincike ne idan wanda aka kama zai iya kai hannu cikin motar, ko kuma akwai dalilin tunanin hujjar laifin da aka kama shi a kai tana ciki. Mai ankwa a kulle ba zai ɗauko makami ba, kuma ba a samun hujjar dakataccen lasin a aljihun riga. Takardar tara kaɗai ma ba ta ba da ikon caje mota, wannan tun 1998 aka yanke. Idan kuma an ja mota zuwa ofis, ana iya ƙidaya kayan cikinta bisa tsarin da rundunar ta rubuta, kuma nan ma lauyoyi kan zargi cewa ƙidayar fakewa ce.

Mu koma Nebraska. Alƙalin da ya fara sauraren buƙatar Rodriguez ya yarda cewa bayan an miƙa takardar gargaɗi, Struble ba shi da zargi mai tushe. Amma ya ce minti bakwai ko takwas ƙaramin abu ne, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yankin ta sha amincewa da irin wannan ɗan jinkiri. Rodriguez ya amsa laifi bisa sharaɗin zai ɗaukaka ƙara, aka yanke masa shekara biyar. Ranar 21 ga Afrilu, 2015, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, shida da uku. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin. Ta ce tsayar da mota yana da aikin da aka yi shi dominsa: duba lasin, duba rajista da inshora, duba ko ana neman direban, rubuta tara ko gargaɗi. Ikon riƙe mutum yana ƙarewa lokacin da aka gama wannan aiki, ko lokacin da ya kamata a ce an gama shi. Sansanar kare ba ta cikin aikin kiyaye hanya, farautar wani laifi ce daban. Saboda haka ba a duba ko kafin takarda aka yi ta ko bayanta, abin dubawa shi ne ko ta ƙara wa tsayuwar lokaci. Gwamnati ta ce jami'in da ya yi aikinsa da sauri ai ya samu rarar mintoci, kotu ta ce babu wannan garaɓasar.

Masu adawa ma ba su yi maganar banza ba. Mai shari'a Samuel Alito ya ce Struble ya jira abokin aiki ne don tsaron ransa, shi kaɗai da mutum biyu da tsakar dare, kuma abin da 'yan sanda za su koya daga hukuncin shi ne su sauya jerin aikinsu kawai. Ya hango gaskiya a wani ɓangare, domin yau yawancin irin wannan gardama a kan agogo ake yinta. Ana kunna bidiyon kyamarar gaban mota da ta ƙirjin jami'i a gaban alƙali, ana ƙirga daƙiƙoƙi: yaushe ya fara rubuta takarda, yaushe ya ajiye biro ya koma tambayar "akwai wani abu a motar?", yaushe ya kira mai kare.

Wannan zama na sauraren buƙatar watsi da hujja alƙali ne kaɗai ke yinsa, kafin a fara ainihin shari'a. Tun da babu waranti, nauyin nuna halaccin binciken yana wuyan gwamnati. Jami'i zai rantse ya ba da labari, ya ambaci rawar hannun direba, da yawan turaren mota, da labarin tafiya da bai haɗu ba, lauya kuma ya gwada maganarsa da bidiyo da rahoton da ya rubuta a daren. Ba kowa ke da bakin ƙorafi ba. Fasinja zai iya ƙalubalantar tsayarwar, domin shi ma an tsare shi, kamar yadda aka yanke a 2007, amma yawanci ba zai iya ƙalubalantar cajen motar da ba tasa ba. Kuma da yake sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifi a Amurka ta hanyar amsa laifi ake samunsu, sau da yawa wannan zama shi ne kaɗai wurin da za a taɓa yi wa ɗan sanda tambaya a kan rantsuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa nake goyon bayan ƙa'idar watsi da hujja, duk da na san tana da ɗaci. Wanda aka tsayar aka zazzage masa kaya a gefen titi ba a samu komai ba, ba ya zuwa kotu. Tattara kayansa yake yi ya tafi da takaicinsa, ƙarar ɗan sanda kuwa tana da tsada da wuyar ci. Mai laifi ne kaɗai ke da dalilin tsayawa ya ce an taka doka, kuma layin da aka ja a shari'arsa shi ke kare sauran. Su waye sauran? Masu bincike na Jami'ar Stanford sun nazarci tsayar da motoci kusan miliyan 100, suka wallafa a 2020 cewa ana cajen direbobi baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka a kan dalili mafi rauni fiye da na fararen fata, kuma kason baƙaƙe cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa bayan faɗuwar rana, lokacin da fuska ba ta ganuwa sosai.

Mai karatu a Nijeriya zai lura cewa tamu dokar ta ɗauki wata hanya. Sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun ce ana karɓar hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba, sai dai idan alƙali ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Wato a wurinmu karɓa ce asali, a Amurka kuwa watsi ne asali.

Sai dai asalin nan na Amurka an daɗe ana yi masa zaizaya. A 1984 kotu ta ce idan 'yan sanda sun dogara da waranti cikin kyakkyawar niyya, ko da daga baya ya zama gurɓatacce, hujjar ta tsira. A shekarar kuma ta ce abin da ko ta yaya za a gano shi ta halattacciyar hanya ba a watsi da shi. A 2011 aka zo kan Willie Davis, wanda aka samu bindiga a rigarsa a cikin mota a Alabama a 2007, a irin binciken da shari'ar Gant ta haramta daga baya. Kotu ta ce an taka masa haƙƙi, amma ba za a yi watsi da bindigar ba, domin manufar ƙa'idar ita ce tsawatar wa ɗan sanda, kuma wanda ya bi hukuncin kotun da ke aiki a ranar bai yi abin tsawatarwa ba.

Da wannan ma'auni aka auna Rodriguez da aka mayar da shari'arsa kotun ɗaukaka ƙara. A cikin shekarar 2015 ɗin, kotun ta ce a daren 27 ga Maris, 2012, hukunce-hukuncenta sun halatta ɗan jinkiri irin wanda Struble ya yi, don haka jami'in ya yi aiki ne da dokar da ya tarar. Ƙwayar ta zauna a matsayin hujja, hukuncin shekara biyar bai motsa ba. Lauyoyi a faɗin Amurka suna ambaton sunan Rodriguez suna kuɓutar da waɗanda aka riƙe a gefen titi fiye da ƙima, shi kuwa mai sunan ya ci gaba da zaman kurkukunsa.